Littafi Mai Tsarki na iyali, mai manyan haruffa

Saboda idon Mama na saye shi, don ƙananan haruffa sun fara gagarar ta ko da tabarau. Ta nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu: yanzu da kanta take karanta Zabura 121, ba sai ta jira jikoki ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafukan da aka bari tsakanin littafin Malakai da na Matiyu, wato ƙarshen Tsohon Alkawari da farkon Sabon Alkawari, na rubuta haihuwa, baftisma, aure da rasuwa. Wurin ya dace, domin kana juyawa sai ga asalin Yesu Almasihu, tsara 14 har sau uku, ciki har da Rahab da Rut. Mama na zayyano sunayen kakanni ina rubutawa, har da wata goggo da ban taɓa jin labarinta ba. Layukan dai sun yi kaɗan wa babban gida irin namu.

Takardar ba ta da kauri, tawadar biro na ɓullowa ta baya, gara fensir. Ga nauyi, ba na ɗauka zuwa coci ba ne. Zaren alama kuma ɗaya tal suka sa.