Na'urar horar da hannu bayan shanyewar ɓarin jiki: yadda na gan ta a Ingila

Jama'ar gida, ina gaisuwa daga Birmingham. Tun da aka ji ina aikin kula da tsofaffi, saƙon da ya fi zuwa wayata shi ne in turo na'urar nan da aka ce tana tayar da hannun da ya shanye. To, ga gaskiyar lamarin.

Ana kiran ta EMG. Mai gashi, wato ma'aikacin lafiya mai motsa gaɓoɓi, zai manna wasu 'yan faifai masu danƙo tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, daidai kan tsokar da ke miƙe yatsu, don yawanci hannun dunƙulewa yake yi ya ƙi buɗuwa. Sai a ce wa mara lafiya ya yi ƙoƙarin buɗewa. Ko yatsa ɗaya bai motsa ba, tsokar kan fitar da ɗan lantarki wanda ido ba ya gani. Na'urar ta kama shi, layi ya ɗaga a allo, ko ta yi ƙara. Ita ba ta sa wa mutum komai a jiki, saurare kawai take yi, kodayake akwai wata iri da ke ƙara ɗan lantarki idan ƙoƙarin ya kai mizanin da aka saita. Na ga wani dattijo ya ƙura wa layin ido, zufa na keto masa, yana ta maimaitawa har ya manta da shayinsa. Amfaninta ke nan: mutum ya ga jijiyar ba ta mutu ba, ya daure ya ci gaba.

Amma fa kada a zuzuta ta. Bitar da masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, suka yi a 2007 ba ta sami hujja mai ƙarfi cewa ta fi gashi na yau da kullum ba, kuma ko a nan ba kowane asibiti ke amfani da ita ba.

Inda Ingila ta yi mana nisa shi ne lokaci. Ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2023 ta ce a riƙa horar da mara lafiya aƙalla awa 3 a rana, kwana 5 a mako. Ba kullum ake cika hakan ba, ma'aikata sun yi ƙaranci a nan ma. Duk da haka, bayan sallama masu gashi kan bi mutum har gida na wasu makonni, a ƙarƙashin NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ba ya biyan ko sisi a lokacin (baƙi da yawa dai sun riga sun biya kuɗin lafiya tare da biza). A gida muna da ƙwararru, Jami'ar Bayero na yaye su, Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen gashi, sai dai kuɗin mota da nisa kan sa a je sau ɗaya a mako, ragowar kwanakin hannu na kwance a cinya, 'yan uwa na ba da abinci a baki saboda tausayi.

Don haka na'urar nan ba zan turo ba, babu mai saita ta. Ku nemi mai gashi ya koya muku atisayen madubi (motsa lafiyayyen hannu ana kallon sa a madubi kamar shi ne wanda ya shanye) da ɗaukar kofi da cokali, a yi safe da yamma. Ni kuma zan aiko da na'urar awon hawan jini ta hannun wanda zai zo hutu.