Tankin tara ruwan sama da na sa a gida: abin da na gani bayan damina ɗaya

Bara da bazara na kai maƙura. Famfo ya fi shekara uku bai ɗiga a layinmu ba a nan Ɗorayi, kuɗin kurar ruwa kuwa ba sai na faɗa ba, duk mazaunin Kano ya sani. A watan Afrilu sai ka tsaya bakin titi da kuɗinka a hannu kana roƙon ɗan garuwa, ya ce maka wannan na wani ne. Kuma gidan nan dai shi ne wanda in Agusta ta kama ruwa ke kwarara daga kwano, ya cika tsakar gida har idon sawu, ya fice ta rariya a banza. Shi ya sa na sayi baƙin tankin roba mai lita 5,000, na ɗauki wani mai aiki da na ga tallarsa a Facebook, wanda ya ce sana'arsa ke nan, bin bakin kwano da indararon roba ya haɗa shi da tanki.

Kwana biyu ya yi ya gama, kuma da farko ba ni da abin cewa sai godiya. Ya sa raga a bakin tankin saboda ganye da sauro. Ya kuma yi wata dabara da har yau nake yaba masa: wani bututu a tsaye mai murfi a ƙasa, wanda ruwan farko ke faɗawa, wato wanda ya wanko ƙurar hunturu da kashin tantabaru da na ƙadangaru, sai ya cika sannan mai tsabta ya wuce tanki. Ranar da na fara kwance murfin na ga abin da ya fito, baƙi ƙirin mai kauri kamar kunu, na gane amfaninsa.

Gefen kwanon da muka haɗa ya kai murabba'in mita 60. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka ruwa mai ƙarfi uku ya ishe shi. A cikin Yuli tankin ya cika taf, jarka 200 ke nan ta lita 25 ba tare da na biya sisi ba. Uwargida ta fi ni murna, don sabulu na kumfa a ruwan nan, ba kamar na burtsatsen unguwa mai zartsi ba. Mutum uku na ba lambar mai aikin a watan nan.

Sai ga daren nan na Agusta. Tun bayan isha'i ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe biyu muka ji ƙara kamar katanga ta faɗi. Na fito da fitilar waya, sai na tarar tankin ya karkace ya jingina da bangon kicin, ya fizgo bututun da ke haɗe da shi, indararon kusan mita huɗu ya ɓalle yana lilo, kan famfon da ke ƙasa ya karye, ruwa na feshi cikin tsakar gida. Ni da babban ɗana muka yi ta ƙoƙarin toshewa da tsumma da leda, ina! Muna ji muna gani ruwan ya shiga ɗakin ajiya, ya jiƙa buhun masara da rabin na shinkafa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a daidai wurin nan yara ke zama wanke-wanke da rana. Allah ne ya tsare abin ya faru da dare.

Da gari ya waye na kira mai aikin. Ya ce, "Yallaɓai, ga ni nan zuwa bayan azahar." Azahar ɗin nan ta koma kwana shida. Da ya zo bai ko tsuguna ya duba ba, ya ce ƙasar gidana ce ba ta da ƙarfi, ba laifin aikinsa ba ne, in ina son gyara in sake biya. Na nemo wani magini dattijo, ya fasa dakalin da aka ɗora tankin a kai, sannan na ga gaskiyar abin. Bulo mai rami aka jera a kan tsurar ƙasa aka shafe da siminti, babu rodi, babu kankare, babu tushe. Lita 5,000 tan biyar ce. Kuma bai sa bututun da zai kai rarar ruwa nesa ba in tanki ya cika, ashe duk ruwan da ya yi ambaliya tun Yuli a gindin dakalin yake zuba yana jiƙa ƙasar. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai wannan da ma lokaci yake jira." Mutumin da ya san dabarar ruwan farko ba zai ce bai san wannan ba, sauri ya yi da son rage kaya. Na biya sabon dakali daga aljihuna, na kuma rasa mako biyu na tsakiyar Agusta, watan da ya fi kowane ruwa a Kano. Mutum ukun nan sai da na bi su ɗaya-ɗaya na ce su dakata.

Tankin kansa ban ga laifinsa ba. Duk da wannan faɗuwa bai tsage ba, kuma da yake baƙi ne haske ba ya shiga, ban ga gansakuka a ciki ba ko sau ɗaya. Ruwan Satumba ya sake cika shi. Wanda za mu sha kuwa mukan tafasa shi.

Amma akwai wata maganar da in na tuna raina ke sake ɓaci. Mai aikin nan ya ce mini tankin zai kai mu har hunturu ya wuce. Mu tara ne a gidan. Ko lita 20 kowa ya ɗiba a rana, kwana 28 ke nan, alhali rani a nan wata bakwai ne. Da tsimi da komai, tsakiyar Nuwamba muka ga gindinsa. Kuma shi ya lallaɓe ni na sayi ciyawar ado da fulawoyi a hannunsa, wai ruwa ya samu. Kafin Fabrairu ciyawar ta zama harawa.

Abin da ya rayu shi ne abin da ban biya ko kwabo a kan shawararsa ba. Baba mai gadin layinmu, mutumin Tawa ne a Nijar, ya haƙa mini rami mai siffar rabin wata a gindin lemun tsami da zogale, irin wanda ya ce suna yi a gonakinsu, don ruwan tsakar gida ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Ya sa na binne tulu har wuya kusa da kowane, a cika shi a rufe, yana tsatsafowa a hankali cikin saiwa, aka baza busasshen ganye a kai. Jarka ɗaya da ruwan alwala na riƙe su kwanaki. Lallen da ke jikin katanga ma ko a jikinsa. Duk bazarar nan daga gida muke tsinko zogalen kwaɗo.

Bana ina shirin ƙara tanki na biyu a ɗaya gefen kwanon, kuma dattijon nan ne zai zuba dakalin ina tsaye a kansa. Wancan kuwa har yau bai dawo mini da kuɗin kan famfon da ya yi alkawari ba, saƙona na ƙarshe ma ya karanta bai amsa ba.