Da gudu ko babu gudu? Abin dubawa kafin ka sayi wasan harbi

Ƙanena ya yi wata bakwai yana tara kuɗi don ya sayi na'urar gem ta hannu, wato wadda aka yi amfani da ita, irin waɗanda ake shigowa da su daga Kano. Daren da ya kawo maganar a fadarmu ta Zango, ko shayin farko bai sauka ba gardama ta kaure, kuma duk a kan gudu. Wani ya ce wasan harbin da ba a gudu a cikinsa na tsofaffi ne. Wani ya rantse gudun ne ma ya lalata harkar. Yaro ya juyo ya ce, "Yaya, ni dai wanne zan saya?"

Wasan da muke magana shi ne wanda kake kallo da idon sojan, ba ka ganin komai na jikinka sai hannu da bindiga. Gudun da ake faɗa a kansa kuma shi ne wanda za ka danna maɓalli, sojanka ya sauke bakin bindiga ya ruga. Yana cikin gudun nan ba ya harbi, in ma ya tsaya sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya ɗaga ta. Ɗan lokacin bai kai daƙiƙa guda ba, amma a cikinsa ake kashe mutum. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma kowane kamfani da irin yadda ya raba wannan rigima.

Call of Duty su ne sarakunan gudu. Tun Modern Warfare na 2007 abin ya zama jininsu, na 2019 ya ƙaro gudu na biyu mai tsanani, Black Ops 6 na 2024 kuma ya ba ka damar gudu ta gefe har da baya. Akwai daɗi, ba ƙarya. An kashe ka, ka tashi, nan da nan ka koma fagen fama. Sai dai sababbin nan sun wuce giga 100, ga sabuntawa da ke cinye forfe, Black Ops 6 kuwa ko labarinsa na mutum ɗaya ba ya buɗewa sai da intanet. Mai na'urar gem ta PS4 da rezonsa ke rawa gara ya nemi faifan Black Ops III na 2015, a raba allo a buga da aboki babu intanet.

Ga wani abu da mai shago ba zai faɗa maka ba. A manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan, gudun yana kan sandar hagu ne, sai ka danna ta ƙasa har ta ce ƙas. Lissafa sau nawa ake danna ta a dare ɗaya, sannan ka haɗa da ƙurar hunturun Damagaram. Manet ɗina na farko haka ya ƙare: ina ajiye shi a kan tabarma, soja ya kama tafiya hagu shi kaɗai kamar mai aljanu. Idan za ka sayi na hannu, danna sandar nan sau goma a gaban mai sayarwa, ka sake ta, ka duba ko hoton ya tsaya cak. Sababbin Call of Duty suna da wurin da za ka sa gudun ya riƙa tashi da kansa. Kunna shi tun ranar farko.

Counter-Strike 2 da Valorant ba su da wannan maɓalli. Kyauta ake sauke su, amma Counter-Strike sai a kwamfuta. A cikinsu maɓallin Shift rage maka sauri yake yi, don kada abokin gaba ya ji takunka. Saurinka a Counter-Strike ya danganta da abin da ke hannunka: a ma'aunin saurin wasan, da wuƙa 250, da AK-47 215, da babbar bindigar AWP 200. Shi ya sa za ka ga gwanaye sun zaro wuƙa suna tafe, sai sun kusa kwana su mayar da bindiga. Wasa ne na kunne da haƙuri, kuma a ganina babu kamarsa wajen koyar da saiti. Matsalarsa a nan garin ita ce nisa. Na'urorin da ke haɗa ƴan wasa suna wasu ƙasashe, in rezo ya yi nauyi, sai ka ga an harbe ka bayan ka riga ka shige bayan katanga.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne Halo, domin su sun ɗanɗana duka biyun. Na farko a 2001, da na biyu da na uku, babu gudu ko kaɗan: bindigarka kullum a ɗage, kana tsalle kana harbi. Reach na 2010 ya kawo gudu a matsayin zaɓi, Halo 4 na 2012 ya ba kowa. Tsofaffin ƴan wasa suka ce an cuce su, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Idan kowa na iya gudu, dole a faɗaɗa fili, kamar yadda aka sake gina filin Midship na Halo 2 da girma a Halo 5. Kenan lokacin da za ka ɗauka ka ƙetare filin bai ragu sosai ba, bambancin kawai yanzu bindigarka a ƙasa take. Sannan wanda ka kusa kashewa sai ya arce, kai kuma in ka bi shi da gudu ba ka iya harbi. Kamfanin da kansa ya yi ta gyara: a Halo 5 garkuwar da ke kare sojanka, in harbi ya rage ta, ba ta cikowa muddin kana gudu, a Infinite na 2021 kuma aka rage gudun har ya zama kaɗan ya fi tafiya.

Doom na 2016 ya bi tasa hanya. Babu maɓallin gudu saboda kullum a guje kake, ko ɗura harsashi ba a tsayawa yi. Yana kan PS4, labarinsa ba ya neman intanet. Sai dai akwai jini da yawa, ba na ƙananan yara ba ne.

Mai waya kaɗai, Call of Duty: Mobile yana nan tun 2019. Ka tura babban yatsa sama, gudu ya kulle.

Ƙanena na tambaye shi su nawa za su riƙa bugawa. Ya ce su huɗu, a zaure, talabijin ɗaya. Na ce to nemi Xbox One da Master Chief Collection, tsofaffin Halo suna ciki, mutum huɗu kan allo guda, kuma sandar hagu za ta huta. Na kuma ja masa kunne kada a haɗa masa da Halo 5 a ce gyara ne, domin shi ba a raba allo a cikinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, manet biyun da suka rage fa, wa zai saya?" Duk fadar ta juyo tana kallona.