Man darbejiya a gonar gyaɗata ta Ejura

A unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, nake zaune, amma gonata tana garin Ejura, eka 2 na gyaɗa. Bara darɓa ta cuce ni. Ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da ke tsotsar sabon toho su ne ke ɗauko kuturtar gyaɗa, kuma duk gindin da ya kamu ya tsuke ke nan, ba zai yi 'ya'yan kirki ba. Ga maganin kanti da nake fesawa yana sa ni ciwon kai kwana biyu. Shi ya sa bana na sayi man darbejiya, wanda a nan muka fi sani da nim, lita 1 a wani shagon kayan noma kusa da kasuwar Kejetia.

Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan sai da haƙuri." Gaskiya ya faɗa. Washegarin feshin farko na tarar da ƙwarin suna nan daram, har raina ya ɓaci. Ashe ba take yake kashewa ba, hana su ci yake yi, ya hana ƙanana girma. Sai bayan feshi na biyu na ga tururuwar da ke bin su ta ragu, toho kuma yana fita tas. Abin da ya fi faranta mini rai, jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo da ke cin darɓa bai gudu daga gonar ba.

Mililita 75 nake zubawa a tankin lita 15, da ɗan sabulun ruwa, don mai ba ya haɗuwa da ruwa shi kaɗai. Da yamma nake fesawa, ina juya bakin famfo ƙarƙashin ganye, saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Duk mako ke nan, in ruwan sama ya sauka kuma a sake. Aikin da yawa, ga wari.

Kwalbar ba ta zo da bayanin awo ba, sai da na tambayi malamin gona. Wannan sakaci ne babba.

Ban ba man duk yabon ba. Na yi shuka da ruwan farko, na matse layi, na tuge gyauron bara tun kafin shuka, waɗannan ma suna rage darɓa. Maƙwabcina da ya ari sauran man bayan gonarsa ta riga ta kuturce bai ga amfaninsa ba. Ni kam zan ƙara saye kafin shukar watan Satumba.