Gidan Tarihin Wariyar Launin Fata na Johannesburg: a rage ƙarfi don sashen ƙarshe

Gidan yana kudancin Johannesburg a Afirka ta Kudu, dab da wurin wasanni na Gold Reef City, an buɗe shi a 2001. Tun daga ƙofa ake fara darasi: tikitin da aka ba ka ne zai ce kai "fari" ne ko "ba fari ba", ba tare da an dubi fatarka ba, kuma ta ƙofar da ya nuna za ka shiga. Ware awa uku. Mai awa ɗaya gara ya bari sai wata rana.

Kuskuren da yawancin baƙi ke yi shi ne ƙarar da ƙarfinsu da wuri. Rubutun bango yana da yawa, ga bidiyo, ga motar sulke ta Casspir, ga ɗakin da igiyoyin rataya ke reto daga sama. Kafin a kai sashen Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda ta binciki ta'asar zamanin wariya, ƙafa ta gaji, sai a leƙa a wuce, alhali nan ne gizo ke saƙar.

Cinikin da aka ƙulla a dokar 1995 da ta kafa hukumar shi ne: ka faɗi duk abin da ka aikata, ka nuna dalilin siyasa ne, a yi maka afuwa. Ba a ce sai ka yi nadama ba. Hukumar, ƙarƙashin Desmond Tutu, ta fara sauraron shaidu a Afrilun 1996, ta karɓi bayanan mutum fiye da 21,000. Sama da 7,000 suka nemi afuwa, 849 suka samu.

Bidiyon masu ba da shaida yana ratsa jiki, amma hawaye ba ya nuna abin da ya biyo baya, don haka shiga da wannan a kai. Hukumar ta ba da shawarar biyan diyya shekara shida a jere. A 2003 gwamnatin Thabo Mbeki ta biya kowane wanda hukumar ta tabbatar an zalunta rand 30,000 sau ɗaya. An hana 'yan sandan da suka nemi afuwa kan mutuwar ɗan gwagwarmaya Steve Biko, aka wuce shekara ashirin ba wanda ya gurfana. Sai a 2017 kotu ta tabbatar kashe ɗan gwagwarmaya Ahmed Timol aka yi a 1971, ba shi ya faɗo da kansa daga benen ofishin 'yan sanda ba.

Gidan ya cancanci kuɗin shiga. A tafi da safe, da takalmi mai laushi, kuma a yi tunani kafin a kai ƙananan yara.