Shafin da Na Saya wa Ɗanki a Kundin Makarantarsu

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da Malam da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce in ba ki labarin yadda aka yaye ɗanki daga sakandare, na ce miki zancen ya fi ƙarfin saƙon murya. Yau ba ni da aiki, shi ne na zauna na rubuto.

Kin san tun farko ba ki so muka sa shi makarantar Katolika ba. A nan New York makarantar gwamnati kyauta ce har aji 12, amma 'yan uwanmu na zangon Kumasi da mutanen Nijar da muka tarar a Bronx su suka ba mu shawara, suka ce idan da hali a kai yaro namiji inda za a sa masa ido. Makarantar maza ce zalla, shekara 4, daga aji 9 zuwa 12, kullum da taye a wuya, kuɗinta kuma ba wasa ba, sai da suka rage mana kusan rabi kafin muka iya. Baba yakan ba mu labarin St. John's ta Kaduna wadda ta koma Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe ta, to irin wannan tarbiyyar ce. Suna da darasin addininsu, kuma idan an shiga coci yana zama tare da sauran yara, amma ba wanda ya taɓa ce masa ya bar sallarsa. Da azumi ma laburare yake zuwa lokacin cin abinci.

Abin da nake so in ba ki labarinsa shi ne wani littafi da suke bugawa kowace shekara, kundin shekara. Bangonsa mai tauri ne kamar na babban ƙamus, takardarsa mai sheƙi, ya haura shafi 200, duk da launi. Kowane yaro da ke makarantar yana ciki da hotonsa da sunansa, haka malamai, har masu dafa abinci da mai gyaran famfo. Akwai 'yan ƙwallo, 'yan muhawara, 'yan kiɗa, da hotunan ranar da suka je raba abinci ga marasa gida. A can baya an jera sunaye bi da bi, kowane suna da lambar shafukan da mai shi ya fito. Na duba na ɗanki, ya fito wuri 6.

Yaran da kansu suke haɗa shi, da malami guda a kansu. Su ɗauki hoto, su rubuta bayani, su tsara shafi a kwamfuta, sannan a tura wa kamfani ya buga. Sana'a ce babba a ƙasar nan. Akwai kamfanoni da suka shahara a kanta, kamar Jostens na jihar Minnesota wanda aka kafa tun 1897, shi ne kuma yake ƙera zoben da 'yan ajin ƙarshe suke sawa. Zoben kam ban saya ba, babansu ya ce namiji da zinare ba a gidansa ba, na azurfar ma kuɗinsa ya isa cefanen wata.

Hoton 'yan ajin ƙarshe tun da rani ake ɗauka, kusan shekara guda kafin a gama. Mai hoto ne yake zuwa da baƙar kwat da farar riga da ɗan ƙullin wuya, yaro ya zura na minti 5, a ɗauka, ya cire ya miƙa wa na baya. Shi ya sa idan kin buɗe za ki ga ɗan likita da ɗan direban tasi duk shiga ɗaya, ba ki iya gane wanda ubansa ya fi. Wannan ya burge ni ƙwarai. A gida ranar walima shadda ce take fara magana kafin mai ita ya buɗe baki.

To ga kuɗi. Littafin dala 85 na biya, da kati, ta intanet, tun watan Oktoba, kuma sai ƙarshen Mayu ya iso hannunmu. Ba ciniki, ba "a rage mini don Allah", ba kafin alƙalami a cika daga baya. An sa ranar rufewa, idan ta wuce ta wuce, ko fadan da ke shugabantar makarantar kika sani. Amma fa ranar da suka ce zai zo, ranar ya zo, kuma ko harafi ɗaya na sunansa bai kauce ba. Kin tuna kalandar bikin ƙanwarmu, da muka yi sawu 4 wurin mai bugawa, ƙarshe aka kawo ta bayan an kai amarya? Sai dai shi wancan ya ɗaga mana ƙafa har wata biyu bai tambayi cikon kuɗinsa ba, ya kuma zo ya ci shinkafar biki. A nan ban ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka buga littafin ba. Kowanne da daɗinsa, ni dai har yanzu ban saba da sayen abu ba tare da an gaisa ba.

Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne shafukan iyaye. A ƙarshen kundin ana sayar da fili, cikakken shafi ko rabi ko kwata, iyayen yaron da zai fita su sa hotunansa tun yana jariri, su rubuta masa abin da ke zuciyarsu. Da kuɗin nan ake rage tsadar bugu. Ɗanki ya kawo mini na bara in gani. Yaya, sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Uwa ta kira ɗanta da sunansa ɓaro-ɓaro, ta ce tana alfahari da shi, ta ce tun ranar da ta fara riƙe shi ta san shi ne hasken gidanta. Uba ya rubuta cewa ɗansa ya fi shi zama mutum. Wata kaka ta tuna masa yadda yake ɓuya a bayan zanenta ranar da aka fara kai shi makaranta. Wasu da Turanci, wasu da Sifaniyanci, da yawa sun haɗa da aya daga Littafi Mai Tsarki. Duk wannan a bainar jama'a, a takardar da ɗaruruwan gidaje za su ajiye.

Ni kuwa, yaron nan ɗan farina ne. Shekara 18 ban taɓa kiran sunansa ba, ke shaida ce. Ko a asibiti idan aka tambaye ni sai in miƙa katinsa. Haka Inna ta yi miki, har yau "ke" take ce miki ko "waccan", kuma ba wanda ya isa ya ce ba ta son ki. Mu a wurinmu yabon yaro aikin kaka ne da gwaggo da maroƙi, uwa tata addu'a ce a ɓoye, ga kuma tsoron baki. Na ce masa ba zan saya ba. Bai yi musu ba, ya ce to, Mama. Amma da dare na ji yana gaya wa ƙanensa cewa a ajinsu kusan kowa iyayensa sun saya. Yaron nan a Bronx ya girma. Kunyar da ni da ke muke karantawa a matsayin ƙauna, shi shiru kawai yake ji. Abin ya hana ni barci.

Na sayi rabin shafi, dala 200. Kwana 3 ina juya abin da zan rubuta. Ƙarshe na sa hotonsa na ranar suna, wanda kike riƙe da shi a tsakar gidanmu na Tudun Wada, da na ranar saukarsa yana riƙe da allon zayyana. A ƙasa na rubuta da Hausa: "Ɗan Yaya, ka yi mana biyayya, ba ka taɓa sa mun sunkuyar da kai ba. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ka sa ƙafa." Sunansa su suka buga a saman shafin, ba da hannuna ba. Na ji tsoron ƙugiyar haruffanmu ba za ta fito ba, sai malamin ya turo mini samfuri in duba tun kafin a kai bugu, ga ɗ ga ƙ kowanne a mazauninsa. Ya roƙi fassarar don kansa, na sa ɗanki ya yi masa. Yana cikin fassarawa muryarsa ta sarƙe, ya tashi ya shiga ɗaki.

Ban da na iyaye, ƙarƙashin hoton kowane mai fita akwai 'yan layuka da wani malami ko aboki ya rubuta a kansa. Ba wai "yaro mai hazaƙa" da ake rubuta wa kowa a katin sakamako ba. Malamin lissafinsu ya rubuta cewa ɗanki ne yake tsayawa bayan an tashi yana koya wa 'yan aji 9 abin da ya shige musu duhu, kuma bai taɓa neman a sani ba. Wallahi ni ban sani ba. Ina ta faɗan yana daɗewa bai dawo gida ba, ashe abin da yake yi ke nan. Shafukan ƙarshe farare ne, a nan abokai suke sa hannu, kamar yadda yaranmu yanzu suke rubutu a farar riga ranar gama jarrabawa. Riga dai tana tsufa a yar, wannan kuwa jikokinsa za su buɗe.

Ranar bikin kanta a coci aka yi, da riguna masu faɗi da hula mai kusurwa huɗu, kuma da tikiti ake shiga. Guda 5 aka ba mu. A nan ne na yi kewar gida sosai. Da a Zariya ne, ranar saukarsa kaɗai kin ga yadda layinmu ya cika, ba wanda aka aika wa kati, waina da zoɓo har maƙwabtan maƙwabta. A nan an gama cikin awa 2, kowa ya ja iyalinsa zuwa gidan abinci. Washegari na dafa tuwo da miyar kuka da dambun nama, na kira 'yan uwanmu na masallaci, falon ya cika har bakin ƙofa, littafin yana yawo hannu zuwa hannu.

Tun ranar nake ƙoƙarin tuna 'yan ajinmu na sakandare. Mu kusan 40 ne, na lissafa 17 na tsaya. Hoto ɗaya muka ɗauka a gindin darbejiya, shi ma ruwan da ya shiga ɗakin Inna ya cinye shi. Don Allah ki nuna wa Malam wannan wasiƙar, tunda shi ne mataimakin shugaba a makarantarsu. Ba sai mai sheƙi ba, ba sai bango mai tauri ba. Zariya da ta ga Kamfanin Gaskiya tun 1945 ba za ta rasa mai buga shafi 40 ba, kuma yanzu kowane malami da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa. Hoto da suna da layi biyu daga malamin da ya san yaron, ya wadatar. Idan sun yarda, kuɗin takardar shekarar farko ni zan turo.

Na sayi kwafi na biyu dominki, zan ba wa mai tahowa bayan Babbar Sallah tare da man zafin Inna. Shafinmu shi ne na 188, na sa 'yar takarda a wurin. Ki karanta wa Inna da kanki, ki kuma gaya mini abin da ta ce.

Ƙanwarki, daga Bronx.