Kayan karatun kwas ɗin nutso: sun yi tsada, amma na karance su tas

Tun kafin ƙafata ta taɓa ruwa aka fara cin kuɗina. Naje shagon masu koyar da nutso na sukuba, wato nutso da tukunyar iska a baya, da farashin da na gani a tallarsu, na gama lissafina tsaf, sai matar da ke karɓar kuɗi tace min ai wancan na koyarwa ne da hayar kaya kawai, kayan karatu daban ake biya. Nace wane irin kayan karatu kuma? Sai ta miƙo min wata ƴar jaka mai zif, ciki akwai littafi guda, da wani faifan roba mai cike da lambobi kamar jadawalin lissafin ƴan firamare, da ƙaramin littafi mai bayanin yadda ake karanta faifan, sai littafin da mutum zai riƙa rubuta duk nutson da yayi. Shikenan fa. Da ta faɗi kuɗin sai da na sake leƙa jakar ko akwai abin da ban gani ba a ƙasa, don ya kusa kwatan kuɗin kwas ɗin gaba ɗaya.

Ni da ƙanina muka yi rajista tare, ni na ɗauki na takarda shi ya ɗauki na waya, wanda lamba kawai ake turo maka ka shiga manhaja ka karanta. Abin da ya fara bani haushi shine na wayar bai fi nawa sauƙi ba, babu kuɗin takarda babu kuɗin bugu babu dako, amma farashi na nan daram.

Na gwada dabara. Akwai abokina da yayi kwas ɗin shekaru biyu da suka wuce, littafinsa na nan a ajiye ƙura na cinsa, nace to in kawo shi mana in rage zafi. Aka ce a'a, dole kowane ɗalibi ya mallaki nasa, kuma kuɗin rajistar katin shaida a cikin kuɗin jakar yake. Anan na gane abin da nake saye. Kati nake saye, littafin rakiya yayo. Da tun farko haka aka faɗa min da ban ji ciwo sosai ba, don katin nan shi zaka nuna a ko'ina kafin a cika maka silinda, wato tukunyar iskar da zaka shaƙa, ko a ɗauke ka a jirgin ruwa zuwa wurin nutso. Manyan ƙungiyoyin da ke bada shi, irin su PADI da aka kafa a Amurka a 1966, da SSI ta 1970, da NAUI da CMAS, kowacce da littafinta da tsarin kuɗinta, amma matakin farko kusan abu ɗaya suke koyarwa kuma galibi shagunan nutso suna karɓar katin kowacce. Ilimin kansa kuma ba sabo bane balle ace sirri ake sayar maka, dokar Boyle kan iska da matsi tun 1662 take, jadawalin hawowa sama a hankali kuma wani masanin kimiyya mai suna Haldane ya fitar da nasa tun 1908.

Toh amma gaskiya ɗaya ce, littafin an rubuta shi da kyau. Babi biyar ne, Turancin mai sauƙi, kuma duk bayan ƴan shafuka akwai tambayoyi da zasu kama ka in kana karatun tsallake-tsallake. Babin farko shi ya biya ni kuɗina. Ni da na bar kimiyya tun sakandare, sai gashi da zanen balan-balan kawai sun fahimtar da ni cewa duk mita 10 da ka sauka matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama guda, wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Ka cika balan-balan da iska a mita 10 ka ƙulle bakinsa ka hau da shi sama, girmansa zai ninka. Yanzu ka sa huhunka a madadin balan-balan ɗin. Wallahi da na kai wurin nan sai da na ajiye littafin na ja numfashi. Shi yasa suke ta nanata doka ta farko har ka gaji da ji, kar ka taɓa riƙe numfashi kana shaƙa daga silinda, kuma abin mamaki haɗarin yafi yawa a kusa da sama, inda mutum ke ganin ai ya tsira. Daga wannan lissafin dai ka gane dalilin da silindar da zata kai ka awa ɗaya a sama bazata wuce minti 20 ba a mita 20, da dalilin da kunne ke ciwo in baka toshe hanci ka ɗan hura ba tun kana fara sauka. Duk abu ɗaya ne, kuma littafin ya iya ɗaure su da igiya ɗaya.

Faifan robar nan da na raina shi ya fi bani wuya kuma shi na fi so yanzu. Jadawali ne na yawan naitirojin, wani ɓangare na iskar da muke shaƙa, da jiki ke sha a ƙarƙashin ruwa. Ka sa yatsa a kan zurfi ka gangaro zuwa minti, a nawa mita 18 iyakarka minti 56, mita 30 kuwa minti 20 kacal. In zurfinka ya faɗo tsakanin lamba biyu sai ka ɗauki babbar, ba a yi wa kai rangwame. Daga nan zai baka harafi, ka bi layin harafin ka duba tsawon hutun da kayi a sama, ya baka sabon harafi, ka juya bayan faifan ka ga minti nawa ya rage maka a nutso na biyu. Dare uku ina wannan bin layi da yatsa, sau biyu ina zamewa zuwa layin ƙasa in samu amsar da ba ita ba, har sai da na koma sa rula. Ƙanina yana min dariya wai ai yanzu kowa agogon nutso yake ɗaurawa a hannu, kwamfuta ce ke yin lissafin. Haka ne, nima ita na ɗaura a teku. Amma ranar da agogon ya nuna min lamba tana raguwa na san me take ƙirgawa da dalilin da in na ɗan hau sama sai ta ƙaru, shi kuwa lamba kawai yake gani.

Na wayar yana da nasa amfanin, kar in zalunce shi. Bidiyon na cikin karatun, ka karanta yadda ake haɗa regileta, na'urar da kake shaƙar iska ta cikinta, da silinda ka kalla nan take, kuma in ka faɗi tambaya zai nuna maka inda ka kuskure. Ya gama har jarrabawa a gida, ni sai da na zauna a aji na amsa tambaya 50 da biro, ana neman kashi 75. Sai dai yana cin data ba kaɗan ba, sau biyu manhajar na mayar da shi farkon babi, kuma ba zaka iya ara wa kowa ba, ba zaka iya sayarwa ba, lambar ta mutum ɗaya ce. A cikin jirgi kuma da jiƙaƙƙen hannu ba wanda ke son fito da waya.

Abin da bai min ba a littafin kuwa, talla tayi yawa. Kana tsakiyar karatun abin da ya shafi ranka sai a sako maka cewa akwai kwas na gaba da zai kai ka mita 30, akwai na nutson dare, akwai na ɗaukar hoto, ka tuntuɓi shagonka ka sayi kayanka na kanka. Babin ƙarshe rabinsa kasuwa ce. Na biya kuɗi mai tsoka sannan a riƙa min talla a ciki, haba. Hotunan ma duk mutane ne masu murmushi cikin ruwa garau kamar na gora, ni nutsona na farko da ƙyar nake hango ƙafar malaminmu a gabana, ba shafin da ya shirya ni wa wannan faɗuwar gaban. Ɗaurin littafin ma ba wani na kirki ba, sati biyu shafukan tsakiya suka fara ficewa. Littafin rubuta nutso kuwa takarda ce zalla, abin da aka yi don a riƙe a bakin ruwa, ranar farko ya sha ruwan gishiri ya kumbura tawada ta bazu, sa hannun malam ya koma kamar taswira.

Akwai kuma takardar tambayoyin lafiya da ba wanda ya ambata min sai bayan na biya. In ka amsa eh a kan abu irin asma ko ciwon zuciya ko matsalar kunne, sai likita ya sa hannu kafin ka shiga ruwa. Dokar daidai ce, ban ja ba, amma wani kuɗin ne da ɓata rana, kamata yayi a baka ita kafin ka zaro ko sisi. Haka gwajin ninkaya na mita 200 da zama a saman ruwa minti 10, gara mutum ya sani tun yana gida.

Sannan akwai abin da littafi ba zai taɓa baka ba ko nawa ka saye shi. Fitar da ruwa daga gilashin fuska na karanta shi ya fi sau biyar, na haddace, danna saman gilashin, ɗaga kai, hura ta hanci. Da na durƙusa a ƙasan wurin ninkaya ruwa ya taɓa min hanci sai komai ya gudu daga kaina, na miƙe tsaye ina tari ina kakari. Malam bai ce komai ba, ya sa na cire gilashin gaba ɗaya na sa fuskata a ruwa ina shaƙa ta baki kawai, minti biyu, uku, har jikina ya yarda cewa ba mutuwa zanyi ba. Wannan dabarar bata cikin littafin, kuma ita ta sa na wuce. Daidaita kai a tsakiyar ruwa ma haka, kar ka nutse kar ka taso, shafi huɗu aka yi a kai amma sai a nutso na huɗu na ji huhuna na ɗaga ni yana sauke ni.

In zan bada maki, abin da ke cikin littafin takwas cikin goma, ingancin bugu biyar, farashi huɗu. Wanda zai yi, kafin ya biya ya sa a rubuta masa jimillar kuɗi, da kayan karatu da kati da hayar kaya da kuɗin jirgi, don wani shagon da tallarsa ta fi tsada in ka tara sai ka ga shi ne mai sauƙin, wasu ma karatun waya a cikin kuɗin kwas yake. Da zan sake, na takarda zan ƙara ɗauka saboda faifan nan, har yanzu yana aljihun jakata duk ya kakkarce. Katin kuwa a waya aka turo min, da na tambayi na roba aka ce shi ma da kuɗinsa. Ban biya ba tukuna.